Angkor: Haikalin Hindu Ne Ko Na Buda? Fashin Baƙi Kan Kufan Babban Birnin Kambodiya

Duk wanda ya shiga Angkor Wat ta ƙofar yamma, in ya ɗan karkata dama a zauren shiga, zai tarar da wani dogon gunki na dutse mai hannu takwas. An yafa masa ƙyalle, an kafa masa laima a ka, turaren tsinke yana hayaƙi a gabansa. Masana sun ce siffar Vishnu ce, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu. Sai dai masu durƙusawa a gabansa ba 'yan Hindu ba ne. Mutanen Kambodiya ne mabiya addinin Buda, kuma ba Vishnu suke kiransa ba. Ta Reach suke ce masa, suna ɗaukarsa wani kaka ne mai gadin wurin, har masu shirin aure kan zo neman albarkarsa.

A nan baƙo yake fara rikicewa. An ce masa haikalin Hindu ne, ga shi kuwa yana ganin sufayen Buda masu askakken kai suna ɗaura wa mutane jan zare a wuyan hannu. Ya hau sama ya tarar da gunkin Buda a ɗakin da aka gina domin Vishnu. Ya je wani haikali mai suna Preah Khan ya ga an fafe siffofin Buda daga bango, an bar gurbinsu fayau. To wa ya yi wa wa kutse?

A taƙaice, addinin da aka sassaƙa a dutsen Angkor addinin sarki ne, in sarki ya canza shi ma ya canza. Wanda ya rage bayan sarauta ta tashi kuwa shi ne wanda bai dogara da sarki ko dutse ba. Amma sai an bi abin daki-daki kafin ya fito.

Gidajen alloli ne suka rage

Angkor Wat gini ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Angkor, wato birnin gaba ɗaya, yana arewa maso yammacin Kambodiya, dab da garin Siem Reap na yanzu, tsakanin tsaunin Kulen da babban tafkin Tonle Sap. Nan ne mazaunin sarakunan daular Khmer, wato mutanen Kambodiya, daga ƙarni na 9 zuwa na 15. Yankin da aka keɓe a yau ya kai murabba'in kilomita 400, amma taswirar da masu binciken Jami'ar Sydney da abokan aikinsu suka fitar a 2007 ta nuna cewa gidaje da gonaki da hanyoyin ruwa na birnin sun bazu a fili mai kusan murabba'in kilomita 1,000. Wani ƙiyasi da aka buga a 2021 ya ce a ƙarni na 13 mazaunansa sun kai tsakanin 700,000 da 900,000.

Duk dutsen da mai ziyara yake gani, ba gidan mutum ba ne. A wurin Khmer na wancan zamani, dutse da tubali na alloli ne. Ɗan Adam, har da sarki, a gidan katako yake kwana. Shi ya sa fada ta ruɓe, kasuwa ta ruɓe, unguwanni suka ɓace cikin kurmi, aka bar haikalai tsaye kamar su kaɗai ne garin. Sai a 2012, da aka ɗora wa jirgi mai saukar ungulu na'urar lida, wadda ke harba haske ya ratsa ganyen itatuwa ya auno tudu da kwarin ƙasa, sannan tsarin unguwannin ya fito sarai: tituna a miƙe, tudun gida, kusa da shi ɗan tafki, sai wani tudun da wani tafkin. Wanda ya san kududdufan cikin birnin Kano zai gane dabarar nan take, ramin da aka ɗebi ƙasar gini shi ne yake komawa matattarar ruwa.

Allolin Indiya kuwa ba yaƙi ne ya kawo su ba. Babu wata rundunar Indiya da ta ci Kambodiya. Fatauci ne ta teku, tun ƙarnonin farko bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Indiya da Sin suke yada zango a bakin kogin Mekong, a ƙasar da 'yan Sin suka rubuta da sunan Funan. Tare da haja aka shigo da rubutu, da harshen Sanskrit, da malaman Brahman, wato limaman Hindu, da wata fahimta ta sarauta wadda ta yi wa sarakunan yankin daɗi: sarki yana da alaƙa ta musamman da wani abin bauta, babban birninsa kuma hoton duniya ne a ƙanƙance.

A 802, in ji wani rubutun dutse da aka yi bayan kusan shekara 250 a Sdok Kok Thom, Jayavarman II ya hau tsaunin Kulen, wani Brahman ya yi masa naɗin da ya mai da shi sarkin da ba ya ƙarƙashin kowa. Daga nan ake ƙirga farkon daular. Yawancin waɗanda suka gaje shi Shiva suka riƙa, wani babban abin bautar Hindu, ana wakiltarsa da wani mulmulallen dutse tsaye da ake kira linga. Sarki mai ƙarfi in ya hau gado yakan yi tafki, ya gina haikalin tunawa da iyaye, sannan ya gina wani mai hawa-hawa kamar dala a ɗora linga a ƙololuwarsa. Dalar tana kwaikwayon tsaunin Meru ne, wanda a aƙidar Hindu da ta Buda duka shi ne cibiyar duniya, gwalalon ruwan da ke kewaye da ita kuma shi ne tekun da ya zagaye duniya. Bakong na 881, Phnom Bakheng na wajen 900, Pre Rup na 961, duk tsarin ɗaya ne.

Kada a ɗauka Buda daga baya ya zo. Yana nan tun farko, a gefe dai yake zaune. Yasovarman I, wanda ya kafa birnin a inda yake a ƙarshen ƙarni na 9, ya gina gidajen zuhudu kusa da tafkinsa, na masu Shiva daban, na masu Vishnu daban, na masu Buda daban. Ƙaramin haikalin Bat Chum na tsakiyar ƙarni na 10 na Buda ne, wani babban bafaden Sarki Rajendravarman ya gina shi, alhali ubangidansa Shiva yake bauta wa. Har gunki suke da shi, Harihara, rabin jikinsa Shiva rabi Vishnu. Mu da muka tashi cikin tauhidi, inda iyakar addini take a shate, sai mun ɗan ajiye ma'auninmu kafin mu gane yadda abin yake a can.

Sarkin da ya juya wa gabas baya

Suryavarman II ya hau mulki a 1113 bayan ya kawar da wani dattijon danginsa da ke kan gado. Ya saɓa wa magabata ya zaɓi Vishnu, kuma Angkor Wat nasa ne. An kwashe sama da shekara 30 ana gininsa. Faɗin gwalalonsa mita 190 ne, kewayensa ya haura kilomita 5, hasumiyar tsakiya kuma ta kai mita 65 daga ƙasa. Katangar waje da ɓoyayyun sassan ginin jar marmara ce, abin da ido ke gani kuwa dutsen yashi ne mai karɓar sassaƙa, wanda aka jawo daga gindin Kulen, tafiyar kusan kilomita 40.

Kusan duk haikalan Angkor gabas suke kallo. Wannan yamma yake kallo, kuma an daɗe ana ja-in-ja kan dalili. Wasu sun ce yamma kusurwar Vishnu ce, shi ke nan. Wasu sun ce yamma mafaɗar rana ce, alamar mutuwa, don haka kushewarsa sarkin ya gina. Hujjarsu ita ce labaran da aka sassaƙa a barandar ƙasa ana bin su ne gini yana hagunka, akasin zagayen ibada da ake yi gini yana dama, kuma a al'adar Brahman irin wannan zagaye na jana'iza ne. Ni dai ban ga abin da ya hana duka biyun zama gaskiya ba, tunda sunan da aka ba sarkin bayan rasuwarsa, Paramavishnuloka, yana nuna ya tafi mazaunin Vishnu ne.

A wannan baranda ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa, ba a bakin tafkin da ake turereniyar ɗaukar hoton fitowar rana ba. Bango ne mai tsawon ɗaruruwan mitoci, babu inda aka bari fili. Ga yaƙin Kurukshetra da yaƙin Lanka daga tsofaffin labaran Indiya. Ga sarkin da kansa zaune a karaga ƙarƙashin laimomi, rundunarsa na wucewa. Ga Yama mai shari'ar matattu, da gidajen ni'ima 37 da na azaba 32, inda masu sassaƙa suka fi zage dantse wajen azabar fiye da ni'imar. Mafi shahara shi ne na gabas, mai tsawon kusan mita 49, wato kaɗa tekun madara. Alloli a gefe guda, aljanu a ɗaya gefen, sun kama jikin maciji Vasuki suna ja kamar igiya. Macijin ya naɗe tsaunin Mandara wanda ya zama maburgi, Vishnu a tsakiya yana daidaita su, a ƙasa kuma shi ne dai a siffar kunkuru ya tallafi tsaunin kada ya nutse. Ruwan dawwama suke nema. A riƙe labarin nan, domin zai sake ɓullowa a ƙofar wani sarki mabiyin Buda.

A 1177, bisa lissafin da aka fi sani, mutanen Cham daga masarautar Champa, a tsakiyar Biyetnam ta yau, suka biyo ruwa ta Tonle Sap suka afka wa birnin suka washe shi. Wanda ya kore su, ya hau gado a 1181, shi ne Jayavarman VII, mabiyin Buda a tafarkin Mahayana. Ina ganin duk abin da ya gina amsa ce ga tambayar da dole ta kasance a bakin mutane a lokacin: in har Shiva da Vishnu sun kasa kare birninsu, wa zai kare shi?

Ya gina sabon birni mai ganuwa, Angkor Thom, kowane gefe kilomita 3, tsayin katanga mita 8, da ƙofofi biyar. A kan gadar kowace ƙofa, alloli 54 a gefe guda, aljanu 54 a ɗaya gefen, suna riƙe da maciji. Labarin kaɗa madara ke nan, na Hindu, sarkin Buda ya ɗauko ya shimfiɗa a bakin garinsa. A tsakiya ya kafa Bayon, haikalin nan mai hasumiyoyi ɗauke da manyan fuskoki wajen 200 suna kallon kusurwa huɗu, kowace da ɗan murmushi. Wasu sun ce fuskar Lokeshvara ce, mai tausayin halitta a Mahayana. Wasu sun ce ta sarkin ce. Wasu kuma sun ce da gangan aka yi ta yadda ba za a bambance ba.

Ta Prohm ya gina shi a 1186 domin mahaifiyarsa, Preah Khan a 1191 domin mahaifinsa. Preah Khan ya fi ko'ina nuna yadda ya ɗauki addinan: Lokeshvara a tsakiya, Vishnu a yamma, Shiva a arewa, kakanni a kudu. Bai kori kowa ba, matsayi ya sake musu. Rubuce-rubucen zamaninsa sun lissafa asibitoci 102 da masaukan matafiya 121 a kan manyan hanyoyi, kuma a duwatsun asibitocin an rubuta cewa ciwon talakawansa ya fi nasa ciwon damunsa. Magana ce mai daɗi. Amma rubutun Ta Prohm ya nuna ɗaya fuskar: mutum 12,640 ke hidima a haikalin, cikinsu manyan limamai 18 da 'yan rawa mata 615, sannan ƙauyuka 3,140 masu mutum 79,365 ne aka ɗora wa ciyar da su. Haikali ɗaya ke nan. Mai son sanin nauyin addinin fada a wuyan manomin shinkafa, ya tsaya kan waɗannan alƙaluma. Gaggawar aikin ma a fili take, domin in ka fito daga Angkor Wat ka shiga Bayon za ka ga duwatsun ba su haɗu sumul ba, wasu sassaƙe-sassaƙen ma zane kawai aka yi aka bari.

Guduma ta biyo baya

Bayan rasuwarsa wajen 1218, a wani lokaci cikin ƙarni na 13, aka bi haikalansa da guduma da ƙarfen sassaƙa. Dubban siffofin Buda aka fafe. Wasu ba a goge su ba, gyara su aka yi: Buda mai zaune a ƙara masa gemu, a sake masa zaman ƙafa, ya koma ɗan zuhudun Hindu, wani kuma a rage shi ya zama linga. Babban gunkin Buda na Bayon, mai tsayin mita 3.6, an farfasa shi an jefa a ramin da ke ƙarƙashin hasumiyar tsakiya, inda aka tono shi a 1933. A 2001 masu bincike daga Jami'ar Sophia ta Japan suka haƙo gumakan Buda da guntayensu 274 a haikalin Banteay Kdei, da yawansu a karye, binne a rami.

An saba ɗora laifin a kan Jayavarman VIII, mai bautar Shiva, wanda ya yi mulki daga 1243 zuwa 1295, ko da yake wasu masana suna ganin an fara kafin shi. Abin lura shi ne ɓarnar ta fi faɗa wa gine-ginen sarki ɗaya. Wannan ya fi kama da ramuwar gayyar gidajen Brahman da wani reshen sarauta, waɗanda filaye da muƙamai suka kuɓuce musu, fiye da rikicin addini tsakanin talakawa.

Ko ma wa ya yi, ya makara. Fada na can tana rigima kan Shiva da Lokeshvara, wani tafarkin Buda na daban, Theravada, yana shigowa ta yamma, daga Siri Lanka ta ƙasashen Mon da Thai. Shi ba ruwansa da Sanskrit, ba ruwansa da Brahman, ba ruwansa da dalar dutse. Rumfar katako a kan ɗan dandamali ta wadatar, da sufi mai fita bara da safe da ƙwaryarsa, da yaron ƙauye da zai shiga ya koyi karatu ya fita ya koma gona. Zhou Daguan, ɗan tawagar jakadancin Sin da ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya ga malamai iri uku: masu rataya farin zare a wuya, da masu bautar wani dunƙulen dutse, da sufaye masu askakken kai da rawayar tufa, kafaɗar dama a buɗe. Ya ce a hannun waɗannan na ƙarshe yaran gari suke karatu. Wanda ya riƙe makarantar yara kuwa, ya riƙe gobe. A farkon ƙarni na 14 rubutu da Pali, harshen littattafan Theravada, ya bayyana a dutse, Sanskrit ya ɗauke ƙafa, ba a kuma sake gina babban haikalin dutse ba.

Nan wasu tsofaffin marubutan Turai suka yi tuntuɓe. Da suka ga an daina gini sai suka ce daula ta mutu, wai Theravada ce ta sanyaya wa mutane jiki. Alhali Zhou ya tarar da gari a cike, mata ke riƙe da ciniki a kasuwa, sarki na fita da giwaye da laimomi masu ado da zinariya.

To me ya tashi garin?

Amsar da aka fi ji ita ce, a 1431 rundunar masarautar Ayutthaya, a Tailan ta yau, ta ci Angkor, sarauta ta gudu kudu. An yi yaƙe-yaƙen, babu musu. Amma birnin da ya farfaɗo bayan 1177 me ya hana shi farfaɗowa a karo na biyu? Sai an dubi ruwa.

Rabin shekara damina ce a Kambodiya, rabi rani. A damina kogin da ya haɗa Tonle Sap da Mekong yakan juya baya ya riƙa tura ruwa cikin tafkin, ya kumbura ninki huɗu ko fiye, in rani ya yi ya janye ya bar kifi da ƙasa mai taki. Angkor yana kan ɗan gangare tsakanin tsauni da tafkin, aikinsa shi ne ya tare ruwan da ke gangarowa, ya ajiye, ya raba, ya zubar da rara. Manyan ma'ajiyan su ne ake kira baray. Ba haƙa su aka yi ba, ganuwar ƙasa aka tayar ta kewaye fili. Baray ta Yamma, ta ƙarni na 11, tsawonta kilomita 8, faɗinta ya ɗan haura 2, har yau tana riƙe ruwa. Ta Gabas ta bushe ta zama gonaki, haikalin Mebon da ke tsakiyarta, wanda dā sai da kwale-kwale, yanzu mota ke kai mutum ƙofarsa. Masanin Faransa Bernard-Philippe Groslier ya ce a 1979 ban-ruwan shinkafa ne ya ɗauki nauyin daular. Wasu suka ce a'a, tafkunan na ibada ne kawai. Binciken baya ya gano mashiga da mafitar ruwa da madatsan zubar da rara, abin da ya nuna aiki suke yi ba ado ba.

A 2010 aka buga nazarin zoben shekarun wasu tsofaffin itatuwa na tsaunukan kudancin Biyetnam. Zoben kan yi siriri a shekarar fari, ya yi kauri a shekarar ruwa. Ya nuna fari mai tsanani na shekaru gommai a tsakiyar ƙarni na 14, da wani a farkon na 15, a tsakaninsu kuma damuna masu ambaliya. Tsarin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗinkawa, kowane sashe ya jingina da wani, bai iya jure wannan ba. Ruwa mai ƙarfi ya ƙwaƙule magudanan arewa, ya kwashi yashi ya toshe na kudu. Kogin Siem Reap, wanda asalinsa hanyar ruwa ce da aka haƙa, ya zurfafa har ya koma ƙasa da bakin magudanan da yake shayarwa. Akwai wata gada gabas da Angkor Thom, Spean Thma, da aka gina da duwatsun tsofaffin haikalai. Tana nan tsaye a busasshiyar ƙasa, kogin ya kauce mata yana gudu can ƙasa da gindinta. Motoci na wuce ta ba tare da tsayawa ba, alhali ta fi haikalai da yawa bayani.

Wani nazarin na 2019, kan lakar da aka zaƙulo daga gwalalon Angkor Thom, ya nuna cewa tun farkon ƙarni na 14 harkoki suka fara ja baya a tsakiyar birnin, kafin ƙarshen ƙarnin kuma ciyayi sun rufe gwalalon. Manya sun riga sun fara zamewa kudu, wajen Phnom Penh, inda koguna suka haɗu kuma cinikin teku da Sin yake bunƙasa. Ke nan rundunar 1431 ta tarar da gari ne da masu shi suka daɗe da rage kula da shi. Daga baya sarauta ta zauna a Longvek, sannan Oudong.

Ana yawan cewa Bafaranshe Henri Mouhot ne ya gano Angkor a 1860. Ba a gano abin da bai ɓata ba. Kurmi ya cinye Ta Prohm da Preah Khan, haikalan da sai da dubban ƙauyuka suke tsayawa. Angkor Wat kuwa bai taɓa zama kango ba, domin sufayen Theravada sun tare a cikinsa. An toshe ƙofofi huɗu na ɗakin Vishnu aka sassaƙa Buda tsaye a kowace. Mahajjatansu suka cika wani zaure da gumaka har ake kiransa Preah Poan, zauren Buda dubu. A ƙarni na 16, sarautar da ta riga ta zama ta Theravada ta sa aka ƙarasa sassaƙe-sassaƙe biyu da Suryavarman II ya bari, an rubuta 1546 da 1564, kuma labaran Vishnu da Krishna ne. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal, António da Madalena, ya zo a 1586. Wani ɗan Japan, Ukondayu Kazufusa, ya bar rubutun tawada a bango a 1632, a zamanin da mutanen ƙasarsa suke zaton wurin shi ne Jetavana, inda Buda ya zauna a Indiya. A Baphuon, haikalin Shiva na ƙarni na 11, aka kwashi duwatsun ginin aka shirya Buda kwance mai tsawon kusan mita 70 a bangon yamma. Al'adar Hindu ma ba ta mutu ba. Har yau akwai Brahman da ake kira Bakou a fadar Phnom Penh, kuma da su aka yi naɗin Sarki Norodom Sihamoni a 2004, tare da sufayen Buda.

Abin da baƙon yau zai tarar

Siam, wato Tailan ta yau, wadda ke riƙe da lardin Siem Reap, ta mayar da shi a 1907, Faransawa masu mulkin mallakar Kambodiya suka fara gyara a shekarar da ta biyo. Su ne suka yanke shawarar barin Ta Prohm da manyan itatuwan da suka naɗe katangunsa, don haka kangon da ake sha'awar ɗauka a hoto shi ma shiri ne, ana tokare shi ana sassabe shi. Baphuon kuwa sun warware shi dutse-dutse, kusan guda 300,000, yaƙi ya katse aikin, takardun lissafin suka salwanta a zamanin gwamnatin 'yan gurguzu ta Khmer Rouge, daga 1975 zuwa 1979. Sai a 2011 aka gama mayar da shi.

In ka ga gunki babu kai, kada ka yi saurin ɗora wa ƙarni na 13. Da yawa a ƙarni na 20 aka sare su. A 1923 aka kama André Malraux da sassaƙe-sassaƙen da ya ɓamɓaro daga haikalin Banteay Srei, mutumin da daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa. A shekarun yaƙi abin ya zama sana'a. An tuhumi dillalin kayan tarihi Douglas Latchford a New York a 2019, ya mutu a 2020 kafin shari'a, kuma tun daga nan gidajen tarihi na Amurka suke ta mayar da kaya. UNESCO ta sa Angkor cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, a jerin waɗanda ke cikin haɗari har zuwa 2004, hukumar APSARA da ke kula da shi kuma an kafa ta a 1995.

Tun 2017 tikitin baƙo dalar Amurka 37 ne na kwana ɗaya, 62 na kwana uku, 72 na kwana bakwai, 'yan ƙasa kuwa kyauta suke shiga. Kwana ɗaya gudu ne kawai. Wanda ya sami uku, gara ya bi wuraren bisa shekarunsu, Bakong da Pre Rup, sannan Angkor Wat, sannan Bayon da Preah Khan, don ya ga canjin da idonsa maimakon ya haɗiye su a cakuɗe. Ana zagayawa da tuk-tuk, babur mai jan ƙaramar amalanke mai rumfa. Sai an rufe kafaɗa da gwiwa, domin wurin ibada ne mai rai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zafi ya fi sauƙi, Afrilu kuwa sai mai haƙuri. Musulmi ba zai rasa masallaci da abincin halal a Siem Reap ba, kuma yawancin Musulmin Kambodiya 'yan ƙabilar Cham ne, jikokin mutanen Champa ɗin nan da aka sassaƙa a bangon Bayon suna yaƙi cikin jiragen ruwa. Sun musulunta ne ƙarnoni bayan wancan yaƙi, kuma suna cikin waɗanda Khmer Rouge ta fi yi wa kisan gilla.

Rigimar da ke kan wurin yanzu ta mazauna ce. Akwai ƙauyuka sama da 100 a cikin yankin da aka keɓe, manoman shinkafa da masu sayar da abinci da tsaraba. Daga 2022 gwamnati ta fara kwashe iyalai kusan 10,000 zuwa sababbin matsugunai irin su Run Ta Ek, tana cewa da yardarsu ne, kuma gine-ginen da suka yi ba bisa ƙa'ida ba suna barazana ga matsayin Angkor a jerin UNESCO. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a Nuwamban 2023 ta ce korar dole ce, an yi wa mutane barazana, an kai su inda babu isasshen ruwa da makewayi da hanyar neman abinci. UNESCO ta ce ita ba ta taɓa neman a tashi kowa ba, ta kuma nemi gwamnatin Kambodiya ta kawo mata bayani a rubuce.